Ruwan da na yi wata shida ina tuttulewa a kwata

Aikin digirina na biyu a kan samar da iskar haidurojin ne daga ruwan da ake tatsewa a jikin rogo wajen yin garin kwaki. Nakan samo kashin shanu in tafasa, domin zafi ya kashe ƙwayoyin da ke cinye haidurojin, ya bar dangin bakteriyar Clostridium waɗanda ke jure wuta, su ne ke samar da iskar. Sai in haɗa da ruwan rogon a kwalba, in toshe ta ruf, in riƙe tsamin a ma'aunin pH 5.5. Bayan 'yan kwanaki iska takan daina tashi, a bar ni da wani ruwa mai warin ruɓaɓɓen man shanu. Shi nake tuttulewa.

Ran nan malamina ya tarar da ni a bakin famfo. Ya ce, "Kai, ka taɓa lissafa abin da kake zubarwa?" Na ce, "A'a, Malam." Ya sa ni zama da biro. A lissafi, ƙwayar sukarin gulukos ɗaya na iya ba da ƙwayoyin haidurojin 12, amma waɗannan bakteriya ba sa wuce 4, ni kuwa ko 2 da ƙyar nake samu. Saura duk yana cikin ruwan, ya zama asid ɗin asetik da na butirik. Warin da nake gudu ashe na butirik ne.

Akwai bakteriyar da ake kira Cupriavidus necator, tana cin waɗannan asid ta tara wani abu mai suna PHB a cikinta, har ya kai kashi 80 cikin ɗari na busasshen nauyinta. Roba ce sosai, amma ƙwayoyin ƙasa na iya cinye ta. Tun 1926 wani Bafaranshe, Maurice Lemoigne, ya gano wannan roba.

Karon farko na juye wa wannan bakteriya ruwan yadda yake, tsami ya kashe min komai. Na koma ina tacewa, ina sirkawa, ina ɗiga shi kaɗan-kaɗan.

Karo na biyu ya fi ci mini rai. Bakteriya ta yi ta hayayyafa, kwalba ta yi kauri, na yi ta murna. Da na shafa a gilashi na rina da Sudan Black, rinin da ke baƙanta PHB, na leƙa a madubin duba ƙananan ƙwayoyi, wayam. Mako uku ina maimaitawa kafin na gane laifina ne: don tausayin kada ta ji yunwa, na cika mata gishirin amoniya, wanda ke ba ta naitirojin. Ita kuwa muddin tana da wadatar naitirojin, haihuwa kawai take yi. Sai an yanke mata shi, ga abinci kuma a gabanta, sannan take ajiya, kamar manomin da ya hango fari ya shiga cika rumbu. Na raba aikin biyu: in bar ta ta yawaita tukuna, sannan in janye naitirojin in ci gaba da ba ta asid. Ranar da na ga baƙaƙen ɗigo-ɗigo cunkushe a cikin ƙwayoyin, sai da na kira Malam ya zo ya gani da idonsa.

Na narkar da robar da kulorofom, na zuba a faranti ta bushe. Ta fito fara, siririya, faɗinta bai wuce tafin hannu ba. Bayan 'yan kwanaki ina lanƙwasa ta sai ta tsage. Haka halin PHB zalla yake, ga shi tana narkewa wajen digiri 175, kusa da inda take fara lalacewa. Da na ƙara ɗan asid ɗin furofiyonik a abincin, wadda ta fito ta fi laushi.

Kulorofom ɗin nan yana damuna har yanzu. Guba ne, ga tsada, kuma ba na jin daɗin in yi robar kare muhalli da shi. A gidanmu an taɓa yanka akuya aka ciro dunƙulen leda a tumbinta, shi ya sa nake son abin ya wuce faranti ɗaya.

Guntun farko na binne shi a tukunyar fure tare da yankin ledar fiya wata, ina ba su ruwa kullum. Da na tone bayan damina, nawa ya huhhuje, gefensa duk ya cinye. Ledar kuwa na wanke ta, har rubutun jikinta yana karantuwa.