Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Kwano Biyar na Gyaɗa

A makon jiya na tsaya a ranar da na kwashi adashi, naira 15,000, a farkon watan Janairun 2023. Na ƙulle su a gefen zani na cusa ƙarƙashin katifa, na kwana uku ban gaya wa kowa abin da ke raina ba. Tun da aka yi min aure ban taɓa riƙe kuɗi masu yawan haka da sunan nawa ne ni kaɗai ba, shi ya sa duk dare sai na tashi na laluba na ji suna nan.

Sana'o'i da yawa na juya a raina. Zoɓo da kunun aya suna tafiya a unguwarmu, to amma suna son firji, mu kuwa a Kurna wuta sai ta ga dama. Kayan miya kwana biyu ya fara ruɓewa. Sabulun ruwa mata huɗu ne suke yi a layinmu kaɗai. Abin da ya rage shi ne wanda na taso na gani a tsakar gidan kakata a ƙauye, wato ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Ba ya neman lantarki, ba ya lalacewa da wuri, kuma daga abu ɗaya kike fitar da haja biyu. Kakata, Allah Ya ji ƙanta, kan ba mu labarin zamanin dalar gyaɗa, lokacin da ake jera buhuna a Kano kamar tsauni ana jiran jirgin ƙasa ya kwashe su zuwa Legas, kafin fari da cutar gyaɗa ta 1975 su karya manoma. Takan ce dala ta tafi, amma turmin mata bai daina aiki ba.

A dare na huɗu na tari Malam, maigidana, da maganar bayan ya ci tuwo. A lokacin adaidaita sahun wani yake ja, kullum da yamma ya kai balas. Ya yi shiru ya ji ni har ƙarshe, sannan ya ce, "Sharaɗina ɗaya ne, Maman 'yan biyu. Ba za a ɗora wa 'yata talla ba." Na ce ni ma ban taɓa kawo hakan a raina ba. Na yi talla ina ƙarama, na san abin da yarinya take ji a bakin maza a tasha, kuma har yau ina ganin duk ribar da za a samu ta wannan hanya ba ta kai karatun yarinya na wuni ɗaya ba.

Shi ya kai ni kasuwar hatsi ta Dawanau da sassafe kafin ya fara lodi. Daga Kurna miƙewa ce kawai a titin Katsina. Ban taɓa shiga kasuwar ba sai ranar. Manyan motoci a jere, buhunan riɗi da wake da zoɓo da waken suya a tsibe, 'yan dako suna gudu da kaya a ka suna cewa a ba su hanya. Ni kuwa kwano biyar na zo saya. Na ji nauyin faɗa, amma dattijon da muka tsaya wajensa bai nuna min komai ba. Na ɗebi gyaɗar na ciza kamar yadda kakata take yi. Busasshiya tana fashewa ƙas a haƙori, mai danshi kuwa lanƙwasa take yi, kuma ita ce ke yin funfuna a buhu ta sa ƙuli ɗaci. Na biya 9,000. Itace da gishiri da barkono da citta da leda da kuɗin niƙa suka cinye wajen 2,500. Kasko da babbar tukunya na aro wajen Gwaggo, ƙanwar mahaifina da ke zaune a Rijiyar Lemo.

Aikin ƙuli ba a yi masa gaggawa. Na wuni ina tsince gyaɗa, ina fidda tsakuwa da ruɓaɓɓu da waɗanda cikinsu ya yi baƙi. Washegari na soya ta kaɗan-kaɗan a kasko, hannu bai bar juyawa ba, don in ta ƙone mai ya yi duhu, in ba ta soyu ba ta hana mai. Ta huce, na murje jan ɓawon, na bakace a faifai, aka kai inji. Da aka dawo da ita a bokiti tana sheƙi, na juye a tukunya na kama muciya.

A nan na yi kuskuren farko. Ana zuba ruwan zafi ne da ludayi, kaɗan-kaɗan, ana juyawa har gyaɗar ta haɗe jikinta ta fara sakin mai. Ni da na ga hannuna ya gaji ba alamar komai, sai na ɗaga kofi na kwara. Nan take ta yi fari ta cure kamar danƙo. Na juya, na juya, ko ɗigo babu. Na zauna a kan kujerar tsakar gida ina kallon naira 9,000 a cikin tukunya, hawaye suna zuba. Babbar 'yata ce ta ruga ta kira Gwaggo.

Gwaggo ta shigo ko mayafi ba ta cire ba. Ta sa yatsa ta taɓa, ta ce, "Ke 'yar nan, shayar da ita kika yi. Hura min wuta, kar ki cika itace." Ta ɗora tukunyar a kan garwashi, ta kama muciya da hannu biyu tana juyawa a hankali, ruwan yana fita da tururi. Mun fi rabin awa a haka ba mai magana. Can sai na ga gefen tukunya ya fara ƙyalli, sai wani siririn layi mai ruwan zinariya ya kwanto, sai ya taru. Ƙamshin ya cika gidan har maƙwabciyata ta leƙo ta katanga. Gwaggo ta miƙo min ludayi ta ce, "Kwashe abinki." Muka matse tunkuza da hannu a kan tire, muka sa mata gishiri da yaji, muka mulmula, muka soya a cikin man da ya fita daga jikinta. Ranar ba mu tashi daga bakin murhu ba sai bayan sallar isha'i.

Kwalba biyar na samu. Man ya dawo min da kusan rabin abin da na kashe, ƙuli ya cike sauran ya ɗora riba. Cikin kwana shida komai ya ƙare, na ƙirga na ga naira 2,300 a kan uwar kuɗina. Na yi zagaye na biyu da na uku, hannuna ya fara faɗawa, yara suka fara sallama a zaure suna cewa a ba su ƙulin Maman 'yan biyu.

Sai canjin kuɗi ya same mu.

Duk wanda yake Najeriya a lokacin bai manta ba. An sauya takardun 200 da 500 da 1,000, aka sa 31 ga Janairu a matsayin ranar daina karɓar tsofaffi, daga baya aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Mutane suka kai tsofaffi banki, sababbi kuma ba su wadata ba. Mai kuɗi a asusu ya koma kamar marar ko sisi. A unguwarmu sai da ta kai in kana son 5,000 a hannu wajen mai POS sai ka bar masa 1,000, shi ma in ka same shi da su. To ni hajata ta hamsin ce da ɗari. Wa zai yi taransifa don ƙulin hamsin?

Maganar yara ta canza. "Wai in ji Mamata a ba ta ƙuli na ɗari da mai rabin kwalba, in an samu kuɗi za ta aiko." Na san gidajen nan ɗaya bayan ɗaya. Na san wadda da ƙulin za ta yi kwaɗon zogale, shi ne abincin daren 'ya'yanta. Na san wadda ta zauna da ni kwana bakwai lokacin da na haifi 'yan biyu. Bakina bai iya cewa a'a ba, kuma ban rubuta ko ɗaya ba, ina ganin ai zan tuna.

Ta ɗaya ɓangaren kuma Malam yana dawowa hannu kusan wayam. Fasinja ba su da tsaba, man fetur sai an bi layi, ga balas ba ya jira. Da safe in ya tsaya a bakin ƙofa yana lalube aljihu, ba na bari ya yi magana, sai na buɗe gwangwanin ƙuli na ɗauki na cefane. Yau 500, gobe 700. Ban ɗauke shi a bakin komai ba, ai cikinmu ne ya ci.

A ƙarshen Fabrairu, kwana biyu bayan zaɓen shugaban ƙasa, na zazzage gwangwani don a sayo min gyaɗa. Naira 4,200. Na sake ƙirgawa, ba su ƙaru ba. Babu mai, babu ƙuli, kuma ban san takamaiman nawa nake bi ba. Ranar na fi jin ciwo a kan ranar da mai ya ƙi fita, domin wancan karon rashin iyawa ne, wannan kuwa da hannuna na rarraba.

Na tafi Rijiyar Lemo. Gwaggo ta ji ni tana tsinkar zogale, ba ta yi min faɗa ba. Ta ja ni bayan ƙyauren ɗakinta ta nuna min bango. Layuka ne na gawayi, rukuni-rukuni, wasu an goge. Gwaggo ba ta yi boko ba, amma shekara da shekaru tana sayar da daddawa, kuma kowane gida yana da gurbinsa a bangon nan. Ta ce, "Bashi hanji ne, yana cikin kowa, ba zan ce kar ki bayar ba. Amma wanda ba ki sa masa alama ba kyauta kika yi, ki daina kiransa bashi." Sannan ta ɗauko gwangwanayen madara guda biyu ta dire a gabana. "Wannan na uwa, wannan na 'ya. Uwa ba a taɓa ta ko gidan zai kwana da yunwa, don in kika yanka ta yau, jibi ma yunwar tana nan kuma babu mai haihuwa. 'Yar ita ce taki, ki ci, ki ba wanda kika so."

Daren nan na yage sauran shafukan wani tsohon littafin makarantar 'yata, muka zauna da ita muna tunowa gida-gida. Gida goma sha tara, kuɗi sun haura 7,000.

Bin bashin nan ya fi juya tunkuza wuya. Bayan magariba nake sa hijabi na shiga, mu gaisa, mu yi maganar yara, sannan na sunkuyar da kai na faɗi abin da ya kawo ni. Wasu sun ji kunya sun biya da abin da suke da shi: kwanon gero, rabin kwanon wake, ɗaurin itace. Na karɓa, na yi musu kuɗi, na goge sunansu. Wata mijinta yana kwance asibiti, na ja layi a kan nata tun kafin na fito daga gidan. Wata kuma ta ce ba ta san da zancen ba, daga baya na ji tana cewa tun da na fara sana'a idona ya rufe. Maganar ta yi min zafi ƙwarai, har yau in muka haɗu a gidan suna sai na ji ta a ƙirjina, amma muna gaisawa.

Wanda na fi jin tsoron tunkara shi ne Malam. Na ajiye masa gwangwanayen biyu na faɗa masa yadda muka yi da Gwaggo, muryata tana rawa, don ban so ya ji kamar gori nake masa. Ya daɗe bai ce komai ba. Sannan ya ce, "Gaskiyarta. Ciyarwa a wuyana take, dukiyarki kuma taki ce, haka addini ya ce. Nawa kika kashe a cefane?" Na ce ban ƙirga ba. Ya karɓi biro, ya buɗe sabon shafi, ya rubuta sunansa a sama da hannunsa, ya sa 4,000 a ƙasa. Ya biya su da ɗari biyu-biyu, sai da aka yi wata biyu.

Shi ne kuma ya samo min mai tsiren da ke bakin titi, wanda yake son garin ƙuli marar sukari don haɗa yajinsa. Mutumin ya ɗanɗana, ya ce a riƙa kai masa duk mako, kuma ta waya zai riƙa biya. Dalilinsa na buɗe asusu da sunana, na koyi duba saƙon shigar kuɗi kafin na saki kaya.

Ranar 3 ga Maris Kotun Ƙoli ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin kuɗi har ƙarshen shekara, kuma kafin watan ya ƙare sun fara dawowa hannun mutane. Aka ɗauki azumi 23 ga watan. Masu ƙosai da masu suyar buɗa-baki suka taso wa mai, har ana biya tun kafin na matse. Na koma kwano bakwai, na koma goma. Duk ciniki in ya shigo sai na fara cika gwangwanin uwa, abin da ya ragu na jefa a na 'ya. Bashi ban daina bayarwa ba, amma daga na 'ya yake fita, in ya ƙare na ce a yi haƙuri sai wani satin.

Ana saura kwana uku sallah na aiki Malam ya sayo min kasko nawa na kaina daga cikin kuɗin 'ya. Na wanke na Gwaggo tas, na sa mata kwalbar mai ɗaya da ƙuli cike da leda a ciki, na ɗora a ka na kai mata. Ta buɗe kwalbar ta sunsuna, ta ɗaga ta saitin rana ta duba, ta ce, "Wannan ba a shayar da ita ba."

A mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, zan ba ku labarin abin da ya biyo bayan cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, da ranar da Malam ya dawo gida a ƙafa babu adaidaita.