Nauyin da Ƙa'idar EJB Ta Ɗauke wa Mai Rubuta Manhaja

Galibin manhajojin da bankuna da manyan kamfanoni ke tafiyar da harkokinsu da su a intanet ana gina su ne kamar bene mai hawa uku. Hawan sama shi ne abin da mutum ke gani a burauza ko a wayarsa. Hawan ƙasa shi ne rumbun bayanai, inda ake ajiye sunaye da lambobin asusu da tarihin ciniki. Hawan tsakiya kuwa, wanda ke zaune a kan sabar (kwamfutar da ke amsa buƙatun masu amfani), shi ne mazaunin dokokin kasuwancin kansu, wato wa ya cancanci rance, nawa za a cire, kuma me za a yi idan kuɗin da ke cikin asusu bai kai ba. A wannan hawa na tsakiya na shafe mafi yawan shekarun aikina, kuma ina ganin matasan da ke shigowa sana'ar yanzu suna cin moriyar ƙa'idojin da aka shimfiɗa masa ba tare da sun san abin da ƙa'idojin ke yi musu a bayan fage ba.

Kafin a sami ƙa'ida guda, kowane rukunin masu rubuta manhaja shi ke sake ƙirƙiro hanyar tsaro, da hanyar raba layukan haɗi zuwa rumbun bayanai, da hanyar ɗaukar dubban buƙatu a lokaci ɗaya. Microsoft ta nemi magance wannan da wata manhajarta ta kan sabar mai suna MTS, wanda daga baya ya rikiɗe ya zama COM+ a cikin Windows 2000, amma wannan ya tsaya a gidan Windows ne kawai. A ɓangaren yaren rubuta manhaja na Java, kamfanin Sun Microsystems ya fitar da ƙa'idar Enterprise JavaBeans, wadda aka fi sani da EJB, a 1998, sannan a watan Disamba na 1999 ya haɗa ta da Servlet da JSP, masu kula da shafukan intanet, da wasu ƙa'idojin a ƙarƙashin suna J2EE. Abin da ke cikinta yarjejeniya ce tsakanin ɓangarori biyu: mai rubuta manhaja ya rubuta yankin da ya ƙunshi dokar kasuwanci kaɗai, ya miƙa shi ga wata manhaja da ke kan sabar da ake kira kwantena, ita kuma ta ɗauki nauyin tsaro da rabon aiki da kula da rayuwar yankin tun daga ƙirƙira har zuwa sharewa. Da yake ƙa'idar a rubuce take kuma kowa na iya karanta ta, kamfanoni daban-daban suka gina nasu kwantenonin: BEA da WebLogic, IBM da WebSphere, sai kuma JBoss wadda aka saki kyauta.

Babban nauyin da kwantena ke ɗauka, a ganina, shi ne na cika mu'amala gaba ɗaya ko soke ta gaba ɗaya. A ce za a tura naira dubu hamsin daga wani asusu zuwa wani a cikin tsari ɗaya. Aikin mataki biyu ne, a cire daga na farko, a zuba a na biyu. Idan layin haɗi ya yanke bayan an cire kuma kafin a zuba, kuɗin ya maƙale a tsakani, kuma duk wanda ya taɓa ganin an cire masa kuɗi alhali wanda ya tura wa bai samu ba ya san zafin abin. A ƙarƙashin EJB, kwantena ce ke buɗe mu'amalar kafin aikin ya fara, ta tabbatar da ita idan ya kammala lafiya, ta mayar da komai yadda yake idan ya faɗi a hanya. Idan ma aikin ya shafi rumbuna biyu, ko rumbu ɗaya da layin saƙonni tsakanin manhajoji na JMS, ƙa'idar JTA, mai daidaita irin wannan mu'amala, tana sa a fara tambayar kowane ɓangare ko ya shirya, sai duk sun amsa sannan a ba da umarnin tabbatarwa. Mai rubuta manhaja bai rubuta ko layi ɗaya na wannan ba.

Sai dai farashin wannan sauƙi a shekarun farko ya yi tsada ƙwarai. A zamanin EJB 2, wanda ya fito a 2001, kafin ka rubuta aiki guda sai ka tanadi fayil na home interface, da na remote ko local interface, da ajin (class, wato ɓangaren rubutun manhaja a Java) da ke ɗauke da aikin kansa, da kuma fayil ɗin ejb-jar.xml mai bayyana wa kwantena yadda za ta tafiyar da su. A cikin ajin dole ne ka saka hanyoyi irin su ejbActivate da ejbPassivate ko da kuwa babu abin da za ka rubuta a cikinsu. Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne gwaji, domin ba ka iya gwada ɗan gyara sai ka tayar da sabar gaba ɗaya ka zauna jira. Wannan ne ya sa Gavin King ya fara Hibernate, manhajar adana bayanai a rumbu, a 2001, Rod Johnson kuma ya wallafa littafi a 2002 wanda daga cikinsa tsarin gina manhajar Java mai suna Spring ya tsiro, aka saki sigarsa ta farko cikakkiya a 2004. Dukansu sun nuna cewa ana iya samun hidimar kwantena da ajin Java na yau da kullum.

Masu tsara ƙa'idar sun saurara, kuma ina yaba musu a kan haka. A 2006 EJB 3.0 ta fito a cikin Java EE 5, wato J2EE da sabon suna, inda ɗan alama kamar @Stateless a saman aji ya maye gurbin tarin fayiloli, sannan sabuwar ƙa'ida mai suna JPA, wadda ta ɗauki darasi mai yawa daga Hibernate, ta karɓi aikin adana bayanai. 

Amma sauƙin ya zo da haɗarin da na gani da idona. Akwai wani tsarin ajiya da rance da na yi wa wata ƙungiya aiki a kansa, inda a ƙarshen wata aka tarar lissafin wasu asusai bai daidaita ba, an cire kuɗi daga hannun mai ajiya amma bai shiga asusun biyan bashi ba. Mun kwana biyu muna zargin rumbun bayanai kafin muka gano cewa laifin yana cikin fahimtarmu da ƙa'idar. Java ta kasa kurakurai gida biyu: akwai wanda mai rubuta manhaja ya ayyana tun farko cewa aikin na iya jefowa, akwai kuma na ba-zata irin su RuntimeException. Ƙa'idar EJB ta ce idan na ba-zata ya faru kwantena za ta soke mu'amalar, amma idan wanda aka ayyana ne, sai ta ɗauka mai manhaja ya san da shi kuma zai yi maganinsa da kansa, saboda haka ta tabbatar da abin da aka riga aka yi. Aikinmu yana cire kuɗin tukuna, sannan ya duba matsayin bashin, idan ya ga an rufe shi sai ya jefo kuskuren da muka ayyana, kuma kwantena ta yi daidai abin da aka rubuta mata. Gyaran bai wuce sanya alamar @ApplicationException tare da umarnin sokewa a kan ajin kuskuren ba. Alamar @Transactional ta Spring ma haka take yi idan ba a faɗa mata akasin haka ba.

Shi ya sa ba na yarda idan wani ya ce mini waɗannan ƙa'idoji tsohon yayi ne. Oracle ta sayi Sun a 2010, ta miƙa Java EE ga gidauniyar Eclipse a 2017, aka sake mata suna Jakarta EE, kuma saboda Oracle ta riƙe haƙƙin sunan javax, wanda sunayen ajujuwan ƙa'idojin ke farawa da shi, sigar Jakarta EE 9 ta 2020 ta mayar da sunayen zuwa jakarta. Da Spring Boot 3, wadda aka gina a kan Spring, ta fito a watan Nuwamba na 2022, masu amfani da ita da ke ganin ba ruwansu da Jakarta EE sai da suka bi fayilolinsu suna mayar da javax.persistence zuwa jakarta.persistence, domin kwantenar Tomcat da Hibernate da ke ƙarƙashin manhajarsu a kan waɗannan ƙa'idoji suke tsaye. Gaskiya ne cewa alƙawarin ɗauke manhaja daga wata kwantena zuwa wata ba tare da gyara ba bai taɓa cika ɗari bisa ɗari ba, tun da kowane kamfani yana da nasa fayil na ƙari, kamar weblogic.xml ko jboss-web.xml, amma dokar kasuwancin kanta takan tsallaka lafiya.

Tun bayan abin da ya faru da wancan tsarin rance, duk sabon ma'aikacin da ya zo hannuna aikinsa na farko shi ne ya rubuta tura kuɗi tsakanin asusu biyu, ya jefo kuskuren ba-zata a tsakiyar aikin, ya buɗe rumbun bayanai ya karanta mini abin da ya rage a kowane asusu. Sannan ya sake yi da kuskuren da aka ayyana, ya sake karantawa.