Ranar da suka fara saƙa

Yau kwana 14 ke nan da na raba babbar amyata, na ɗebo firam (zagayen katakon da ƙudan zuma ke yin saƙarsu a ciki) uku masu 'ya'ya, da ƙudan da ke manne a jikinsu, da sarauniyarsu, na zuba su a sabon akwati. Akwatin na cin firam goma ne, don haka a ranar na cike sauran guraben bakwai da sababbin firam, kowanne da siririyar shimfiɗar kaki a tsakiyarsa, ina tsammanin kafin mako ya zagayo za su mamaye su duka. Da na buɗe a kwana na tara, ko ɗaya ba su taɓa ba. Sun dunƙule a kan tsohuwar saƙarsu kamar sauran akwatin ba nasu ba ne, har ma sun ɗan gaigaye gefen shimfiɗa guda, alamar kakinta suke ɗiba suna rufe 'ya'yansu da shi.

A ranar ce na gane cewa na ba su ɗaki fiye da ƙarfinsu. Na cire firam huɗu, na tsayar da allo a ciki don ya rage faɗin wurin da za su ɗumama, na ƙuntata ƙofa, na narka ɗan kaki mai tsabta na shafa wa ukun da suka rage, sannan na sa musu ruwan sukari, awo ɗaya na sukari da awo ɗaya na ruwa, a cikin kwalbar da na huda murfinta na kife ta a ƙarƙashin rufin akwatin. Kwana biyar na yi ban buɗe cikin ba, sai dai in ɗaga rufi in ƙara ruwan, kuma waɗannan kwanakin sun yi mini tsawo ƙwarai.

Da hantsin yau, bayan iska ta kwanta kuma masu fita kiwo sun fita, na hura hayaƙi kaɗan a bakin ƙofa, ƙanena yana riƙe da gwangwanin. Tun kafin in zaro komai na ga farin kaki sabo a saman katakon firam na huɗu, na farko cikin sababbin, ɗigo-ɗigo, wanda shi ne alamar farko da nake jira. Da na ɗaga firam ɗin a hankali, sai ga ƙudan zuma sun yi sarƙa tsakaninsa da na kusa da shi, wannan ya riƙe ƙafar wancan, wancan ya riƙe ta na gaba, suna reto ba tare da sun saki juna ba. Ƙanena ya ce, "Yaya, kar ka tsinka musu." Na tsaya cak har sarƙar ta warware da kanta, suka koma jikin saƙa. Ɓangaren da ke fuskantar 'ya'ya sun ja shi ya kai faɗin tafin hannuna biyu, fari tas, ramukan tsakiya sun yi zurfi, na gefe kuwa bakinsu kawai ya ɗan taso daga shimfiɗar. Na juya wa rana baya na karkata firam ɗin, sai na hango ƙwai a gindin ramukan, kowanne tsaye shi kaɗai kamar guntun farin zare. Sarauniya ba ta ma jira an kammala ginin ba, ramin da bai wuce rabin zurfinsa ba ta riga ta saka masa ƙwai. Wannan ya faranta mini rai fiye da kome a yau, domin ya nuna matsin wuri take ji, kuma matsin nan na cikin abin da ke tura ma'aikata su yi gini.

Na daɗe ina tunanin dalilin da ya sa aikin ya tashi yanzu, kuma ba na jin ruwan sukari kaɗai ne. Kaki daga jikin ƙudan yake fitowa, ta wasu mafitai takwas da ke ƙarƙashin cikinsa, kuma waɗanda suka fi fitar da shi su ne matasan ma'aikata masu kwana 12 zuwa 18 da ƙyanƙyashewa. Waɗanda suka fito daga rufaffun ramuka a kwanakin farko bayan rabawar, sai yanzu suka kai wannan mataki, wato a makon farko ina neman gini a wurin da magina ba su gama girma ba. Ga kuma tsadar abin, domin ana kiyasta cewa sai sun sha zuma kilo 6 zuwa 8 kafin su samar da kaki kilo ɗaya, saboda haka amyar da abinci ba ya shigo mata kullum ba za ta yi wannan kashin ba, komai kyan firam ɗin da aka ba ta. Sannan kaki ba ya sarrafuwa sai da ɗumi, kusan digiri 35 na Salsiyas da suke riƙewa a inda 'ya'ya suke, kuma gungu ƙarami ba zai iya kai wannan ɗumin bangon akwati mai firam goma ba. Shi ya sa ɓangaren da ke jikin 'ya'ya ya riga ko'ina, firam na biyar sun fara shi kaɗan daga sama, na shida kuwa yana nan yadda na sa shi.

Akwai gyara guda da na yi. Ranar da na rage firam ban matse na biyar da na shida sosai ba, sai suka fara wata 'yar saƙa a gicciye cikin tazarar da na bari. Tun 1851 wani mai kiwon ƙudan zuma mai suna Langstroth ya lura a Amurka cewa ratar milimita 6 zuwa 9 ce suke bari a matsayin hanya, abin da ya fi haka su cike shi da saƙa, abin da ya gaza su liƙe shi da danƙo, kuma ga shi yau na ga hakan a akwatina. Na yanke guntun tun yana da taushi, na matse firam ɗin suka haɗu kafaɗa da kafaɗa, na kuma ɗora ma'aunin magina a saman akwatin na ga ya ɗan jirkice hagu. Da yake saƙa tana bin nauyi ne ta sauko tsaye, sai na cusa siririn katako a ƙarƙashi har ya daidaita.

Raina ya so in ɗauki firam na shida in tsoma shi a tsakiyar 'ya'ya, domin amya mai ƙarfi takan gaggauta cike irin wannan giɓi. Na fasa, saboda waɗannan ba su da yawan da za su lulluɓe ɓangare biyu idan dare ya yi sanyi, kuma asarar 'ya'ya ta fi jinkirin gini zafi a wurina. Abin da na yi kawai shi ne na juya firam na huɗu, fuskar da ba su gama ba ta koma kallon 'ya'ya. Ruwan sukarin ma na rage shi zuwa rabin kwalba, don na ga sun fara zuba shi a saman sababbin ramuka, kuma idan ya yi yawa za su toshe wa sarauniya wurin ƙwai. Duk abin da suka adana daga gare shi abincinsu ne, ba zai shiga zumar da zan ɗiba ba.

Kafin in rufe, na zaro allon ƙasa don in share, sai na tarar da ƙananan ɓawon kaki da suka kuɓuce wa magina, sirara, masu ɗaukar ido kamar ɓawon kifi. Na ɗora ɗaya a kan farcena na nuna wa ƙanena, da ƙyar ya gan shi. Duk buɗewar ba ta wuce minti goma ba. Da yamma na koma na tsaya a gefen ƙofa, na ga masu kiwo suna sauka da garin fure rawaya a ƙafafunsu na baya, na kara kunnena a jikin katako na ji gunjinsu a kwance, babu tashin hankali. Na rubuta a jikin rufin cewa sai bayan kwana bakwai zan sake buɗewa, kuma na ajiye firam guda a kusa, wanda zan ƙara musu idan na tarar sun ci rabin na shida.