Na je Birnin Kebbi neman takarda, aka tura ni Kamba

Malamin da ke duba aikina na digiri na biyu ya dawo mini da babi na biyu jawur da jan biro. A ƙasan shafin ƙarshe ya rubuta cewa duk abin da na kawo kan dangantakar Najeriya da Nijar daga intanet na kwaso shi, in je in nemo takardu na gaske. Da na same shi ofis, ya ce wurin da ya dace da ni shi ne ɗakin karatu na Cibiyar Nazarin Harkokin Ƙasashen Waje da ke Legas, wadda aka kafa tun 1961. Na zauna na yi lissafin kuɗin mota da masauki da abincin mako biyu, na ga albashin malamin sakandare ko rabi ba zai ɗauka ba.

Wani abokin aikina ɗan Jega ne ya ba ni labarin wani dattijo a Birnin Kebbi da ya yi aiki shekara da shekaru a ofisoshin jakadancin Najeriya. Ya ce da ya yi ritaya, abokansa sun dawo da motoci, shi ya dawo da akwatunan littattafai, ya ware ɗaki biyu a gidansa ya zuba su, kuma ba ya hana mai neman ilimi shiga.

Na tashi daga Gusau da hantsi, a cikin watan Fabrairu, sauran hazo bai gama washewa ba. Mai bin hanyar Talata Mafara ya san ba a yi mata sammako, ba a kuma yarda yamma ta riske ka a kanta. Hira ba ta kankama a motar ba sai da muka wuce Tureta. A Sakkwato na sake mota, muka bi ta Boɗinga da Tambuwal. A Aliero tun kafin ka ga kasuwa warin albasa ya riga ya shigo ta taga, buhuna jibge a bakin titi kamar ganuwa. Bayan Jega tayarmu ta baya ta yi faci, direba ya fito da safaya wadda ita ma ba ta da maraba da wadda aka cire. Da sallar isha'i na shiga Birnin Kebbi.

Washegari na sami dattijon zaune a zaure kan buzu, rediyo a gefensa. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗi wanda ya turo ni.

"Mi yak kawo ka, ɗana?"

"Baba, ina rubutu ne kan Najeriya da Nijar."

"Ka taɓa zuwa Nijar ɗin?"

Na ce a'a. Ya dube ni ta saman gilashinsa, bai ce komai ba, ya miƙe ya ɗauko makulli.

Ɗakin ya fi yadda na zata ƙanƙanta, ya kuma fi yadda na zata cika. Abin da idona ya fara sauka kansa ba littafi ba ne, ƙafafun kantocin ne. Kowace ƙafa tana tsaye cikin gwangwanin madara da aka cika da baƙin man mota, saboda gara. Ya ce shekarar farko da dawowarsa gara ta cinye masa akwati guda na takardun taron ƙasashen Afirka, tun daga nan ya koyi darasi. An toshe tagogi da tsumma don ƙura. Ba labari ko waƙa a ɗakin nan, ba littafin lissafi, komai na hulɗar ƙasa da ƙasa ne. Shirin ma nasa daban: kanta mafi kusa da ƙofa ta Nijar ce, sai Benin, sai Chadi da Kamaru, sai sauran Afirka ta Yamma. Amurka da Rasha da Sin suna can ƙuryar ɗaki na biyu, sai ka hau kujera. Na tambaye shi dalili, ya ce wanda kuke katanga ɗaya da shi shi ake fara gaisarwa da safe.

Akwai tsofaffin kofe na mujallar West Africa ta Landan, an ɗinke su shekara-shekara da zaren dukawa. Akwai fayil-fayil na yankakkun jaridu, kowanne da kwanan wata da fensir. A cikin wani tsohon akwatin takalmi kuma katuttuka ne, ko wane littafi da katinsa, da rubutun hannunsa. Dokokinsa uku ne ya faɗa mini a tsaye: ba aro, ba biro, ba lasar yatsa wajen buɗe shafi. Ya miƙo mini guntun fensir.

Kwana biyu na yi ina karatu. Na ga yankakkun labaran shigar Najeriya Majalisar Ɗinkin Duniya ranar 7 ga Oktoba 1960, ita ce ƙasa ta 99, da na katse hulɗa da Faransa a 1961 saboda gwajin makamin ƙare dangi a Sahara. Waɗannan na ratsa su da sauri, ba su na zo nema ba. Abin da ya riƙe ni wani siririn fayil ne da ya rubuta wa "Iyaka" a bango, cike da kofen yarjejeniyoyin Ingila da Faransa da taswirori.

Kowa ya san Turawa ne suka ja layin, amma yadda suka ja shi ban sani ba. A yarjejeniyar Paris ta watan Yunin 1898 sun kafa tsinin kamfas a birnin Sakkwato, suka zana rabin da'ira mai nisan mil 100, suka ce abin da ke ciki na Ingila ne. Sai Faransawa suka tarar hanyar da aka bar musu daga kogin Kwara zuwa Damagaram ta bi ta inda ba rijiyoyi, ayarinsu na galabaita. Suka yi ta ƙorafi har 1904, lokacin da ƙasashen biyu suka zauna sasanta rigingimunsu na duniya baki ɗaya. Faransa ta saki wani tsohon haƙƙi da take da shi na masunta a gaɓar Nyufanlan, can gefen Kanada, ita kuma Ingila, cikin abubuwan da ta biya da su, ta ja layin nan zuwa kudu.  Aka ƙara gyara a 1906, haka Birnin Ƙonni da Dogon Dutsi suka tabbata a hannun Faransa, daga nan aka bi daji ana kafa alamu har 1908.

Na ajiye fensir na fito zaure na ce, "Baba, wato a kan kifi aka raba Arewa?"

Ya yi dariya har da tari. Ya ce in je Kangiwa in tambayi Ba'are inda danginsa suke, zai nuna mini Dogon Dutsi. Ya ce mu da muke taƙama da kamun kifin Argungu, kifin da ba mu taɓa gani ba shi ya yanke mana ƙasa.

Da daddare bayan tuwon shinkafa ya shiga labarin Gwandu, don ya ga kamar na ɗauka hulɗar waje da Turawa ta fara. Ya ce masarautar da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya kafa tana da wasiƙu da manzanni har Nufe da Ilori da Liptako tun ba a san Najeriya ba. Baturen nan na Jamus, Barth, da ake kira Abdulkarim, ya sauka Gwandu a 1853. Sarki Halilu bai yarda sun haɗu ido da ido ba, amma a garin ne wani malami ya ara masa Tarikhus Sudan, tarihin Songhai da Tambutu, ya zauna kwanaki yana kwafar abin da ya iya, ta nan Turai ta fara sanin littafin. A 1885 kuma Joseph Thomson ya zo a madadin kamfanin Ingila ya ƙulla takarda da Sakkwato da Gwandu, wadda daga baya Ingila ta riƙa ɗagawa a gaban Faransa da Jamus tana cewa ƙasar nan ta riga ta shiga hannunta. Abin da sarakunan suka fahimta sun sa wa hannu da abin da aka kai Landan, dattijon ya ce, nan ne aikin mai bincike yake. Ni dai a raina na ce mai ara wa baƙo littafi a Gwandu ya fi Baba sakin hannu.

Rana ta uku da safe na zo, ya ƙi ba ni makulli. Ya ce karatun ya isa haka, in je Kamba in dawo.

Motar Kamba ƙaramar Golf ce, mu huɗu a baya, biyu a gaba, buhunan gero a but har murfin bai rufu ba. Muka bi ta Kalgo da Bunza, fadama shar da shinkafar rani, injinan ban ruwa na ta ƙara. Shingayen masu kaki na fara ƙirgawa, na bari. A kowanne direba ya san hannun da zai miƙa da abin da ke cikinsa, ba a ko kashe mota.

Wata dattijuwa da ke kusa da ni za ta Gaya ne sunan jikarta. Cikin lalitarta naira da sefa a haɗe, ta fito da su tana warewa a cinya. Na tambaye ta ko tana da fasfo. Ta ce, "Hasho na mi? Gidan ɗiyata za ni." Daga nan hira ta ɓalle kan rufe iyaka. Direba ya ce sau biyu aka karya shi. Na farko daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, lokacin da aka rufe saboda shinkafar waje. Na biyu bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai, da ƙungiyar ECOWAS ta sa takunkumi.

"Mu ba mu san wata Ekowas ba sai ranad da anka ruhe boda," in ji shi. "Manyan motoci sunka yi layi, albasa ta ruɓe cikinsu. Masu mashin ka cin kasuwa, su da sunka san daji."

Ya ce har wuta aka yanke, ai babban layin lantarkin da ke kai wa Yamai daga Birnin Kebbi ya tashi. Wannan na riga na karanta a fayil ɗin Baba, tare da bayanin da ake yawan yi cewa ana ba Nijar wutar ne don kada ta tare Kwara daga sama ta rage wa madatsar Kainji ruwa. An buɗe iyakar a Maris 2024, amma Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS, ficewar ta tabbata a ƙarshen Janairun 2025. Yarjejeniyar ƙungiyar ta 1979 kan zirga-zirga ba biza, wadda na cika shafi huɗu a kanta a babin da aka ja wa jan biro, ba wanda ya ambace ta a motar.

A Kamba kunnena ya cika da Hausa da Zabarmanci da Dandanci, wani lokaci a bakin mutum ɗaya. 'Yan canji na zaune da damman sefa a kan tebur. Na ɗauki ɗan acaɓa na ce ya kai ni in ga iyaka. Ya tambaye ni wacce, ta gwamnati ko ta mutane. Na ce duka. Ta gwamnati sanda ce a gicciye da tuta da rumfa. Ta mutane kuwa, ya ratsa da ni ta wata gona da aka girbe, kara a tsaye, ya tsaya a gindin wata aduwa ya ce daga nan zuwa waccan bukka Nijar ce, mai gonar kuma mutum ɗaya ne. Na duba ƙasa, sawun awaki ne da na babura, sun tafi sun dawo. Wani yaro ya wuce mu da jarkoki biyu a bayan keke, ya yi mana sallama. Na so in ɗauki hoto, ɗan acaɓan ya ce in mayar da wayata aljihu.

Da magariba na koma Birnin Kebbi, ƙura har cikin kunne. Baba na zaure. Na fara ba shi labari, ya ɗaga hannu, ya shiga ciki ya fito da farin kati ɗaya irin na akwatin takalmin nan, da guntun fensir ɗin.

"Rubuta abin da kag gani. Ka sa kwanan wata. Kuɗin mota ma ka sa, da yadda anka canza sefa yau."

Na rubuta gaba da baya, wuri bai ishe ni ba, ya ƙaro mini na biyu. Ya karanta a hasken tocila, ya gyara mini rubutun sunan wani ƙauye, ya soke kalmar "kimanin" a wuri biyu ya ce ko na ƙirga ko ban ƙirga ba. Sannan ya buɗe akwatin ya sa katuttukan a sashen Nijar, bayan na yarjejeniyar 1906. Ya ce gobe in zo da wuri, akwai fayil ɗin hukumar haɗin gwiwar Najeriya da Nijar ta 1971 da ban taɓa ba, kuma in taho masa da batir biyu na rediyo.