Yadda busasshen mangwaron Burkina ya tashi daga rana ya koma gas

A shekarun 1980 mangwaro ruɓewa yake yi a gindin bishiya a yankunan Bobo-Dioulasso, Orodara da Banfora na Burkina Faso, don babu mai kwashe shi duka ɗanye. Ƙungiyar CEAS ta ƙasar Suwizalan ce ta fara koya wa ƙananan ƙungiyoyi, akasarinsu mata, busar da shi cikin akwatunan da ke aiki da hasken rana. Sai dai lokacin mangwaro yana shiga cikin damina. Hadari ya rufe rana kwana biyu, yankan ya yi fumfuna, aiki ya koma baya. Wannan ne ya kawo na'urar Atesta mai aiki da gas a shekarun 1990, kuma ita ta mayar da abin sana'a, har kaya ya riƙa zuwa Turai.

Iri biyu ne suka ɗauki kasuwar. Amélie mai ɗan tsami yana fitowa da wuri, daga Maris zuwa Mayu. Brooks mai zaƙi yana biyo baya cikin ruwa, kuma shi ƙudan 'ya'yan itace suka fi yi wa ɓarna. Duk wanda aka ga ɗigon baƙi a ɓawonsa, a matsa a gani: in wurin ya yi laushi, akwai tsutsa a ciki, a fitar da shi tun wurin wanki.

Lissafin ne ke ba sabon shiga mamaki. Bayan an fere, an cire ƙwallo, ruwa ya fita, kilo 15 na ɗanye ko kusa da haka ne ke ba da kilo 1. Ana yanka shi kaurin da bai wuce santimita ɗaya ba, a jera a kan raga ba tare da wani ya hau wani ba. Atesta tana ɗaukar kusan yini da kwana, kuma tunda wutar a ƙasa take, dole a riƙa sauya wa farantan ragar wuri, na ƙasa ya hau, na sama ya sauko. Wanda ya yi barci a kan wannan zai tarar da na ƙasa ya ƙone, na sama da sauran ruwa. In kuma aka bar zafi sama da digiri 70 har ƙarshe, saman yankan ya bushe ƙarau, cikinsa na nan danƙare da danshi.

A ganina wurin ƙulli ne aka fi tafka asara. Busasshen da ya yi daidai yana lanƙwasuwa kamar fata, ba ya karyewa, ba ya manne wa yatsa. Danshinsa tsakanin kashi 12 zuwa 16 cikin ɗari. Kada a zuba shi a leda da zafinsa, gumi zai taru a ciki. A bari ya huce, a rufe shi cikin babban buhun leda na 'yan kwanaki don danshin ya daidaita, sannan a ware mai kyan launi daga mai duhu, a auna gram 100 na shago ko kilo 2 na sari, a liƙe bakin da wuta, a rubuta ranar.

Ɗakin ajiya ma ya zama mai sanyi da duhu. Kayan da za a sayar a matsayin na halitta, wato wanda aka noma ba da sinadari ba, ba a sa musu sinadarin salfa mai riƙe launi, don haka kwalin da ya yi watanni a ƙarƙashin kwano mai zafi, ruwan ɗorawarsa komawa yake ruwan ƙasa, mai saye kuwa launi yake fara dubawa.