Inda na kwana wajen saita oba-oba da kwamfutar da ba Windows

Toh 'yan uwa abokan koyo, yau sati uku ke nan da na fara wannan kokawa ta saka wa oba-oba tashoshi ta kwamfuta, bari in ajiye abin da ya faru tun kan in manta. Kayan aikin dai ba yawa: Baofeng UV-5R guda biyu, sai wata oba-oba mai DMR (wato mai tura murya ta tsarin dijital) guda ɗaya, sai tsohuwar laftof ɗina mai Ubuntu 22.04, babu Windows a kanta ko ƙyas. Manhajar da masu ƙera rediyo suke bayarwa kuwa kusan dukkansu fayil ne na Windows, shi ya sa tun farko na sa a raina cewa babbar manhajar kwamfutar ce matsalata. Ashe ba nan gizo ke saƙar ba, amma bari in bi abin a jere.

Me ma ya kai ni neman kwamfuta? Duk wanda ya taɓa saka rifita (tashar da ke karɓar maganarka ta sake watsa ta nesa) a UV-5R da hannu ya san abin. Ka koma yanayin VFO, wato inda ake buga mita da hannu, ka buga mitar, ka shiga menu 13 ka sa sautin CTCSS da ke sa rifita ta buɗe maka, menu 25 ka zaɓi ƙari ko ragi, menu 26 ka sa tazarar da ke tsakanin mitar karɓa da ta turawa, sannan menu 27 ka ajiye, kuma duk wannan tasha ɗaya ce fa cikin gurabe 128. Suna kuwa ba yadda za a yi ka sa wa tasha da madannan jikinta, dole sai ta kwamfuta. Na yi tasha shida da yatsa, a ta bakwai na ce a'a, ba da ni ba.

Satin farko kusan duk a kan CHIRP ya ƙare. Ga wanda bai santa ba, manhajar saita oba-oba ce ta kyauta wadda Dan Smith ya fara, da Python aka rubuta ta, tana aiki a Windows da Mac da Linux, kuma ta san ɗaruruwan rediyoyi. Na sauko da sabon fayil ɗinta na girka da pipx bayan na sa python3-wxgtk4.0, ta buɗe tsaf, na ce shikenan an gama. Na jona kebul, na danna "Download From Radio", sai na ga wurin zaɓen mashiga wayam, babu ttyUSB0 (sunan da Linux ke ba mashigar kebul ɗin) babu alamarsa.

Nan ne na koyi abin da ya fi komai amfani a wannan tafiyar, wato kebul ɗin nan ba waya ce kawai ba, akwai 'yar cif a cikin kan USB ɗin wadda ke juya maganar kwamfuta zuwa siriyal. Huɗu ne aka fi samu: FTDI, da CP2102, da CH340, da PL2303. Ka buga lsusb a taminal za ka ga lambar tata. 0403:6001 FTDI ce, 10c4:ea60 CP2102 ce, 067b:2303 PL2303 ce, ni tawa 1a86:7523 ta nuna, wato CH340. Kwamfuta tana ganin kebul kenan, toh ina mashigar ta tafi? Da na duba dmesg, wato rahoton da Linux ke ajiyewa kan abin da aka jona mata, sai na ga abin dariya, ana buɗe ttyUSB0 ɗin, bayan daƙiƙa ɗaya kuma a rufe shi. Akwai wani shiri da ke zuwa da Ubuntu ɗin mai suna brltty, aikinsa kula da allon rubutun makafi, kuma wasu allunan da irin wannan cif ɗin suke amfani, sai ya ɗauka kebul ɗina nasa ne ya karɓe. Tunda ba na amfani da shi sai na cire shi, na zare kebul na mayar, ttyUSB0 ya fito ya zauna. In wani a gidanku yana amfani da allon makafi a wannan kwamfutar kar ka cire masa fa, ka nemi kebul mai wata cif ɗin.

Sai kuma CHIRP ta ce ba ni da izinin amfani da mashigar. Wannan mai sauƙi ne, sunanka za ka saka a rukunin dialout da sudo usermod -aG dialout sai sunan naka, amma sai ka fita daga akawun ɗinka ka sake shiga kafin ya kama, ni ban fita ba na zauna ina ta maimaita umarnin kamar sau biyar ina zargin kebul.

Abin da ya ƙara cin rana guda cur kuma, wallahi da kunyar faɗa, filogi ne. Wannan mai baki biyun irin na Kenwood, ƙarami 2.5 babba 3.5, robar jikinsa tana tokare da jikin rediyon sai ya ƙi shiga har ƙarshe, kai kana ganin ya shiga alhali saura kaɗan. CHIRP ta yi ta cewa rediyo ba ta amsa ba. Da na danna da ƙarfi na ji ƙas, na ɗaga muryar rediyon sama, na maida ita tashar da ba kowa a kai, sai ga layin da ke nuna ana karanto rediyon yana tafiya. Ban san sanda na tafa ni kaɗai a ɗaki ba.

Kafin in taɓa komai na ajiye abin da na karanto a fayil na img, kowace rediyo da nata, na rubuta kwanan wata a sunan. Ku riƙe wannan sosai. Kuma kar ku ɗauki img ɗin rediyo ɗaya ku ɗora wa ɗayar don kun ga kamarsu ɗaya, UV-5R biyu suna iya zuwa da famwaya (manhajar cikin rediyon) daban-daban. Abin yi shi ne ka karanto kowacce, ka buɗe su gefe da gefe, ka kwafi layukan tashoshin ka manna a ɗayar, sannan ka ɗora.

Kuskuren da na yi a cikin teburin tashoshi na CHIRP shi ne wajen sauti. Na zaɓi TSQL maimakon Tone, sai ya zama koren fitila na kamawa alamar ana magana amma ba na jin komai. Tone na nufin ni nake tura sautin, misali 88.5, don rifita ta buɗe min. TSQL kuwa na nufin ita ma rediyona ba za ta buɗe baki ba sai ta ji wannan sautin daga can, in rifitar ba ta turo shi, shiru kake ji. Sauran kuwa ba wuya, tazarar 600 kHz a zangon mita 2, suna bai wuce harafi 7 ba, sai a sa menu 21 da 22 su nuna suna. Tashoshin da ba ni da lasisin magana a kansu na sa musu Duplex a off, ko na danna maɓallin bisa kuskure ba abin da zai fita.

Sati na biyu na ce bari in gwada manhajar Windows ɗin ta UV-5R a kan Wine, wato shirin da ke tafiyar da manhajojin Windows a Linux, don kawai in ga ko za ta yi. Ta buɗe, rubutun wasu wuraren ya hargitse amma ana ganewa. Matsalar ita ce lambar COM, wato sunan da Windows ke ba mashigar siriyal. Ka leƙa cikin ~/.wine/dosdevices za ka ga Wine ta raba com1 zuwa com32 ga tsoffin mashigan ttyS, kebul ɗina sai ya faɗa com33, ita kuma manhajar jerin nata bai kai can ba. Na buɗe regedit na Wine, ƙarƙashin HKEY_LOCAL_MACHINE\Software\Wine\Ports na ƙirƙiri COM1 na ba shi /dev/ttyUSB0, na kashe Wine da wineserver -k na sake buɗewa, ta karanta rediyon lafiya lau. Abin lura a nan, direban Windows na kebul ɗin ba ka buƙatarsa sam, Linux ce ke riƙe da kebul, Wine miƙa ƙofa kawai take yi.

Wannan nasarar ce ta ruɗe ni, na ɗauka haka zan yi wa mai DMR ɗin. Kwana uku ina juya Wine, na canja saiti, na goge na sake girkawa, manhajar na buɗewa amma ba ta ganin rediyo. Da tun ranar farko na buga lsusb da ban wahala ba. Lambar da ta fito 0483:df11 ce, kuma babu wani ttyUSB ko ttyACM da ya bayyana. Ma'ana wannan rediyon ba siriyal take yi ba, kai tsaye take magana da USB ta hanyar da ake kira DFU, kebul ɗinta ma ba cif a ciki, wayoyi ne zalla. Manhajarta tana neman direban Windows na gaske, shi kuwa Wine ba ta loda irinsa. Toh ka ga duk gyaran COM da nake ta yi aikin baban giwa ne.

Hanya biyu suka rage. Ta farko Windows a cikin VirtualBox, wato kwamfuta a cikin kwamfuta. Na saka kaina a rukunin vboxusers (wannan karon na tuna na fita na sake shiga), na sa matatar USB don duk sanda aka jona rediyon ta wuce cikin Windows ɗin kai tsaye, na girka direba a can, ta karanta. Tana aiki, sai dai laftof ɗin nan da fankarta ke ihu kamar za ta tashi, kuma gabana na faɗuwa duk lokacin da nake rubutawa, don in USB ya yanke a tsakiyar rubutu sai ka dawo da kwafin ajiya. Ta biyu ita ce qdmr, manhajar Linux ta kyauta da aka yi don rediyoyin DMR irin su TYT MD-UV380 da AnyTone AT-D878UV. Gaskiya ita ta fi kwanta min, saboda tana ajiye saitin gaba ɗaya a fayil ɗin rubutu na YAML da zan iya buɗewa in karanta da idona. Sai da na fara karanto asalin saitin ta VirtualBox na ajiye kafin na bari qdmr ta rubuta komai.

Masu Mac, wani abokin koyonmu ya kawo tasa mai M1 muka gwada. CHIRP ta yi aiki, mashigar kawai sunanta ne daban, /dev/cu.usbserial da wasu lambobi a gaba. Inda ake shan wuya shi ne Windows ɗin, domin tun da Apple ta koma cif ɗinta a 2020 babu Boot Camp (hanyar girka Windows kai tsaye a Mac) a irin waɗannan, Windows 11 ta ARM ce za ka sa a Parallels ko UTM. Ita tana iya tafiyar da tsoffin manhajoji, amma direba dole sai wanda aka yi don ARM64, don haka kafin ka ɓata dare ka fara duba ko cif ɗin kebul ɗinka tana da shi.

Yanzu dai ga inda ake. UV-5R biyun kowacce tana da tasha 31 da sunayensu, iri ɗaya sak. Mai DMR ɗin na sa mata lambar shaidata, da rifita ɗaya, kala kod 1 (shi ne kamar sautin CTCSS a DMR), da rukunin hira biyu, ɗaya a sulot 1 ɗaya a sulot 2 (hanyoyin magana biyu da rifitar DMR ke da su). Ina jin na sulot 1 tsaf, na biyun shiru, kuma ina zargin na manta ban saka shi a jerin rukunan karɓa ba. Gobe in Allah ya kai mu shi zan fara buɗewa, sannan in fere robar filogin nan da reza don na gaji da dannawa.