Daga Garwa zuwa Gwanzu: maganar hanya kawai

Yaranmu masu son fara zuwa Sin saro kaya duk tambayarsu ɗaya ce, Alhaji in na sauka waye zai ɗauke ni a filin jirgi? Ni kuma amsata ba ta canzawa, babu wanda zai ɗauke ka, kuma ba ka bukata. Wanda ya iya fita daga Garwa ya isa Yawunde da ƙafafunsa biyu wallahi ya gama mai wuyar, abin da ya rage karatun allo ne da bin launi.

Ku duba namu ɓangaren mana. Ka je ajans da sassafe ka yanki biye, wato tikiti, mota ta cika a tashi, ku hau falez, hawan dutsen nan kafin Gaundare inda manyan kamiyo ke rarrafe kowa a mota ya koma salati, ka isa gar da rana ka zauna jiran jirgin ƙasa na yamma, wanda zai kwana yana tafiya kilomita sama da 600 kafin ka ga Yawunde da safe. In aljihu da nauyi ka kama kushet ka miƙe ƙafa, in babu toh ka rungume balis ɗinka a kujera har gari ya waye. Mutanen Marwa da Kusiri su da yawa ba sa ma wannan dogon zagayen, gadar Ngeli suke ƙetarewa su tashi daga Injamena. Ko ta ina ka bi dai yawancinmu Adis Ababa muke canza jirgi, daga can sai zaman awa goma ko fiye a sama. Agogonsu ya riga namu da awa 7, saboda haka in ka sauka kana jin barci tsakar rana ba ciwo ba ne.

Toh ka sauka a Baiyun, filin jirgin Gwanzu, an buga maka tambari a paspo, ka ɗauki jaka. A nan ne za ka ga masu tare mutane suna taksi taksi, kar ka ko kalle su. Bi allon metro, wato jirgin ƙarƙashin ƙasa, ka gangara ƙasa, a cikin ginin filin jirgin yake. Layi na 3 ne, launinsa ruwan lemo. Ka hau ka sauka a Jiahewanggang, sunan da tsawo amma haka yake rubuce da boko a jikin allo kuma ana faɗa a lasifika, da Sinanci iri biyu sannan da Turanci. A nan ka koma layi na 2 mai shuɗi. In masaukinka Sanyuanli ne, wajen ’yan tufafi da takalma, kan wannan layin yake, sauka kawai. In kuma Xiaobei za ka, inda baƙar fata da Larabawa da gidajen abincin halal suka fi yawa, ka ƙara tasha ɗaya zuwa tsohuwar gar ta tsakiyar Gwanzu, wato Guangzhou a rubutun allo, ka canza zuwa layi na 5 ja, tasha ɗaya tak ka iso. Duk wannan tafiyar ba ta kai yuwan 10 ba, yuwan ɗaya kuwa wajen sefa 80 ne, wato ko jaka ɗaya ba ka kashe ba. Taksi zai ci maka ninkin wannan sau goma ko fiye, kuma in kun faɗa cunkoso mita na ci kana kallo.

Tikitin ma abin kallo ne ga baƙo. Ba takarda ba ce, wata ’yar roba ce zagayayya kaman kwabo, na’ura ke ba ka bayan ka danna sunan tashar da za ka sauka ka zura kuɗi. Wajen shiga ka ɗora ta a kan ƙofa ta buɗe, wajen fita ka jefa ta cikin rami ta haɗiye. Kar ka cusa ta aljihun jamfa tare da goro da canji ka zo kana lalube mutane sun yi layi a bayanka, ba za su zage ka ba amma kallon da za su maka ya isa. Kuma kowace tasha sai jakarka ta bi ta na’urar bincike, gorar ruwa ma wani lokaci su gwada ta. Wanda zai daɗe gara ya haɗa manhajar biyan kuɗi ta Alipay ko WeChat a wayarsa tun daga gida, don can ko mai sayar da dafaffiyar masara lamba yake nuna maka ka ɗauka da waya, tsabar kuɗi sai ka ga ana neman canji da ƙyar. WhatsApp da Google kuma ba sa aiki yadda ka saba, ka sauke taswirar Amap kuma ka sa otel su ba ka katinsu mai adireshi da rubutunsu.

Abu ɗaya da ba na so a metro shi ne safiya da yamma lokacin ma’aikata, musamman layi na 3, matsi ne na gaske, mai jaka biyu ya haƙura ya jira rana ta ɗaga. Ranar Juma’a kuma bi jama’a kawai, za ka ga masu hula da jallabiya suna sauka a tashar Yuexiu Park zuwa masallacin da ake cewa kabarin Sa’adu ɗan Abi Waƙƙas na wurin. Lokacin babbar baje kolin Kanton, Afrilu da Oktoba, layi na 8 ne ke kai mutum Pazhou inda ake yin ta, sai dai otel a lokacin tsada kaman me.

Yanzu fita daga garin, nan ne mutane suka fi yin asara. Gwanzu ba gar ɗaya gare ta ba, akwai tsohuwa ta tsakiyar gari, akwai ta gabas, akwai ta kudu, ga kuma sabuwa ta Baiyun da aka buɗe ƙarshen 2023. Ka karanta tikitinka da kyau wacce aka rubuta. Yawancin jirage masu gudu daga ta kudu suke tashi, Guangzhou South, ita ce ƙarshen layi na 2, kuma daga Xiaobei ka ware awa guda don girmanta kaɗai sai ya cinye maka lokaci. Paspo ɗinka shi ne tikitinka, ko a gishe ka saya ko a manhajar 12306, mu baƙi akwai layin gefe inda ma’aikaci ke duba paspo da hannu. Ana rufe ƙofa ’yan mintuna kafin tashi, kuma babu dan Allah direba tsaya ga wani yana zuwa. Na ga wani dattijo ɗan ƙasarmu ya tsaya alwala a nitse, ya fito yana gyara hannun riga jirgi ya riga ya wuce, ya tsaya yana ta mamaki wai ai minti biyu ne kacal.

Shenzhen wajen rabin awa ne, can ’yan waya da kayan lantarki ke zuwa kasuwar Huaqiangbei, ka je da safe ka dawo ka kwana a ɗakinka. Yiwu kuma, garin ƙananan kaya, su sarƙa da kayan kicin da kayan wasan yara, ka lissafa awa 6 zuwa 7 a jirgin da ke gudun kilomita 300 a awa kana shan shayi ko tangaɗi ba ya yi. Akwai ruwan zafi kyauta a ƙarshen kowane wagon, ni dai da ganyen shayi da dabino da biskit nake shiga don ban yarda da naman cikin abincin da suke zagayawa da shi ba, sallah kuma ƙasaru da jam’i. Hong Kong ma jirgi na zuwa tun 2018, bai kai awa ɗaya ba, amma a kula, in bizarka ta shiga ɗaya ce ka ƙetara can toh ka fita kenan, dawowa sai sabuwa. Sannan kar wanda ya sa tafiyarsa a sabuwar shekararsu, tsakanin ƙarshen Janairu da Fabrairu, ko makon farko na Oktoba, tikiti ba ya samuwa, a sabuwar shekarar ma masana’antu a rufe suke.

Ranar komawa ce kaɗai nake cewa a kira mota. Manyan kaya dama sun tafi ta kargo, sai ka ji su a Duwala bayan wata da wani abu a yi ta fama da duwan, wato kwastan, amma balis biyu masu kilo 23 da jakar hannu cike da samfur da tsarabar Hajiya da yara ba abin ja a matakalar canjin layi ba ne. Nan kam ka kira mota ta manhajar Didi a waya, kuɗin na fitowa tun kafin ka shiga. Jiragen da ke yo wajenmu da yawa tsakar dare suke tashi, ka duba kwanan watan da kyau, in an rubuta 00:30 na Talata toh daren Litinin za ka bar otel.